Hajiya Gambo Sawaba: Macen da ta sha ɗauri domin matan Arewa su jefa ƙuri'a

A watan Agustan 2012, Babban Bankin Najeriya, lokacin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ke jagorantarsa, ya sanar da shirin buga sabuwar takardar kuɗi ta Naira 5,000. Hotunan mata uku aka zaɓa za a ɗora a kanta: Funmilayo Ransome-Kuti ta Abeokuta, da Margaret Ekpo ta tsohuwar Jihar Gabas, da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Nan da nan gardama ta kaure kan tsoron hauhawar farashin kaya, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka ƙi amincewa, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya dakatar da shirin a watan Satumba. Takardar ba ta fito ba har yau. Duk ƙurar da ta tashi a kan kuɗin ta tashi, kaɗan ne suka tsaya tambayar ko su wane ne matan nan, da abin da suka yi har aka ga sun cancanci wannan girma.

Shekara 22 kafin wannan, a birnin Jos, an riga an yi wa Gambo Sawaba wani abin tunawa da ya fi takardar kuɗi ƙarko. A 1990 aka buga littafin tarihin rayuwarta a can, wanda Rima Shawulu ya rubuta, mutumin da daga baya ya wakilci Takum da Donga da Ussa na Jihar Taraba a Majalisar Wakilai. An rubuta shi tana raye, kuma yawancin abin da ake faɗa game da ita a yau daga wannan aiki ya samo tushe. Ga ma'aikacin gwamnati da ke bi ta titunan Abuja kullum yana karanta sunayen manya a jikin alluna, tarihinta abin dubawa ne.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta ranar 15 ga Fabrairun 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Da yake bayan tagwaye ta zo, sai aka riƙa kiranta Gambo, kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne, masanin safiyo, wanda ya zo Najeriya ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa, ya zauna a Zariya, ya karɓi Musulunci. Mahaifiyarta, Fatima, Banufiya ce daga yankin Lavun a Jihar Neja ta yanzu. Wato macen da ta zama muryar matan talakawan Hausa 'yar baƙi ce ta uwa da uba, irin 'ya'yan da layin dogo ya tara iyayensu a Tudun Wada da Sabon Gari, bayan ganuwar birni.

An sa ta makarantar firamare ta En'e a Tudun Wadan Zariya, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara 10, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949, tana da shekara 16, ta haifi 'ya mace, wadda ita kaɗai Allah Ya ba ta. Auren bai ɗore ba, haka ma waɗanda suka biyo bayansa.

Maraici, da yankewar karatu, da auren ƙuruciya, duk ta ɗanɗana su kafin ta kai shekara 17. Shi ya sa da ta tashi yin magana a kansu daga baya, ba labarin da aka ba ta take maimaitawa ba. Ciwon da ke jikinta take faɗa, kuma matan da ke saurarenta sun gane haka.

Shigarta NEPU

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, da manufar 'yantar da talaka daga danniyar mulkin En'e. A watan Disamban shekarar, a babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka yi a Jos, masu ra'ayin sauyi da masu ra'ayin riƙau suka raba gari. Ba a jima ba ɓangaren da ke tare da sarakuna ya zama jam'iyyar NPC mai alamar fartanya, NEPU mai alamar tauraro kuma ta kama tata hanyar, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953.

Sai mai karatu ya san yadda mulki yake a wancan zamani kafin ya gane nauyin abin da yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne, izinin yin taro ma daga En'e ake nemansa. Hukumar da ɗan NEPU ke suka ita ce za ta kama shi, ta yi masa shari'a, ta ɗaure shi. Zaɓen ma hawa-hawa ake yinsa. A 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakan farko a Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe, inda En'e ke da ikon cusa nata mutanen cikin masu zaɓe, sai aka wayi gari ba su da kujera ko ɗaya. Saboda haka a garuruwa da yawa maza ma a ɓoye suke riƙe katin jam'iyyar.

A cikin wannan hali Gambo ta yanki katin NEPU a Zariya. Ba ta tsaya ga dafa wa 'yan taro abinci ko rangaɗa guɗa ba, wanda shi ne iyakar rabon mata a siyasar lokacin. Ta hau dandamali gaban maza ta yi jawabi, a zamanin da ake ɗaukar tsayuwar mace a irin wannan wuri abin kunya ga danginta. Kalmar sawaba, wadda ita ce taken jam'iyyar, ta manne wa sunanta tun daga nan har ta shafe sunan mahaifinta. Daga baya aka zaɓe ta shugabar reshen mata na NEPU baki ɗaya.

Kano da ɗaurin farko

A 1952 jam'iyya ta tura ta Kano domin ta jawo mata. Dabarar da ta bi mai sauƙi ce, amma ta girgiza mahukunta. Tun da namiji ba ya shiga gidan kulle, ita sai ta riƙa shiga gida-gida tana zama da mata a tsakar gida, tana yi musu bayanin haraji, da aikin tilas, da amfanin sa 'ya'ya mata makaranta, da abin da ake nufi da ƙuri'a. Wurin da En'e ke ganin siyasa ba za ta taɓa ƙetare zaurensa ba, sai ga shi ta kai har ɗaka.

Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka yanke mata ɗaurin wata uku. Shi ne karo na farko. A shekarar da ta biyo baya, wadda a cikinta aka yi tarzomar Kano ta watan Mayun 1953, mahukuntan Kano suka kore ta daga ƙasar, aka tasa ƙeyarta zuwa Zariya. Korar ba ta sa ta yi sanyi ba. Ta ci gaba da zagaya garuruwan Arewa tana kafa rassan mata, ana kamawa ana sakewa, har adadin ɗaurin da ta sha ya kai 16, kamar yadda masu tarihinta suka lissafa.

A wannan tsakani ne ta ƙulla zumunci da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Abeokuta wajen bore kan harajin mata har Alake na Egba ya sauka daga gadonsa na ɗan lokaci a 1949. Gambo ta yi tattaki zuwa Abeokuta ta gana da ita. Abin da ta gani a can ya ƙara mata yaƙinin cewa matan kasuwa da ba su yi boko ba suna iya tanƙwara hukuma idan suka haɗa kai.

Fafutukar ƙuri'a

Babban abin da ta sa a gaba shi ne mace ta yi zaɓe. A shekarun 1950 matan Gabas da na Yamma sun samu wannan dama mataki-mataki, amma gwamnatin NPC ta tsaya kan cewa lokaci bai yi ba a Arewa, tana kafa hujja da addini da al'ada. NEPU ta saɓa wa wannan fahimta. Malam Aminu Kano, wanda ɗan gidan malamai ne, ya riƙa nuna cewa Musulunci bai haramta wa mace ilimi ko faɗin ra'ayi kan shugabanci ba. A 1956 Malam Isa Wali ya yi jerin rubuce-rubuce a jarida kan matsayin mace a Musulunci, waɗanda suka tayar da muhawara mai zafi. Akwai kuma misalin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara tun ƙarni na 19. Gardamar ashe ba tsakanin addini da zamani take ba. Tsakanin masu mulki ne da masu neman a faɗaɗa da'irar waɗanda ake tambayar ra'ayinsu.

A 1956 Gambo ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suka miƙa buƙatarsu. An saurare su, amma ba abin da ya sauya. Tarukan tsarin mulki da aka yi a Landan a 1957 da 1958 sun bar Arewa da zaɓen maza zalla. Aka yi zaɓen tarayya na 1959, aka karɓi mulkin kai a 1960, aka yi zaɓen 1964, Jamhuriya ta Farko ta rushe a watan Janairun 1966, duk macen Arewa ba ta taɓa riƙe takardar ƙuri'a ba. Wannan hani bai tsaya ga matan Kano da Sakkwato ba. Ya haɗa da matan Birom da Angas na Filato, da na Tibi da Idoma, da duk macen da ke zaune a faɗin Jihar Arewa, Musulma ko Kirista. Gwagwarmayar Gambo tasu ce su duka, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa tarihinta ya dace da Jos kamar yadda ya dace da Zariya.

Sai a 1976, da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka ba matan Arewa 'yancin zaɓe. Shekara 20 ke nan cif bayan tattakin Kaduna. A babban zaɓen 1979 suka fito suka yi dogayen layuka a rumfunan zaɓe. Abin da aka ce zai rushe gidaje ya zo ya wuce, gidaje suna nan tsaye.

Wuyar da ta sha

Adadin 16 yana da sauƙin faɗa a baki, amma abin da ke ƙunshe cikinsa ba shi da daɗin ji. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba domin a wulaƙanta ta. 'Yan bangar siyasa sun tare ta sun yi mata dukan kawo wuƙa, suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Ta rasa haƙoran gaba. A 1957 sai da aka yi mata tiyata aka cire mahaifarta sakamakon azabar da ta sha, tana da shekara 24 kacal.

Akwai kuma raunin da ba a gani a jiki. Makamin da aka fi yaƙar macen siyasa da shi a wancan zamani shi ne ɓata suna. Duk macen da ta fita taro ana jifanta da kalmar karuwanci, kuma mahukunta kan fake da korar mata marasa aure daga gari su kwashe 'yan reshen mata na NEPU. Namiji ɗan adawa idan ya fito daga kurkuku gwarzo ne, mace kuwa sai ta sake fuskantar shari'ar unguwa da ta dangi. Gambo ta jure duka biyun. Duk wanda ya ga irin zagin da ake yi wa matan da suka fito takara a dandalin sada zumunta a yau zai gane cewa makamin bai tsufa ba, kube kawai aka sake masa.

Jamhuriya ta Biyu da bayanta

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, mutane da yawa sun zaci za ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP. Sai ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, jam'iyyar da ta ɓalle daga NPP, wadda ita kuma ta ci Jihar Filato da Solomon Lar a 1979. A GNPP ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyya na ƙasa, matsayin da ba kasafai mace ke kai wa gare shi ba a lokacin. Wannan zaɓi ya nuna wani ɓangare na halinta: tana girmama jagora, amma ba ta jinginar da ra'ayinta ga kowa.

Siyasa ba ta azurta ta ba. Ba ta zama minista ko 'yar majalisa ba. Gidanta na Sabon Garin Zariya ya zama matattarar marayu da yaran da ba su da mai kula da su, da matan da aure ya ƙare musu ba su da wurin zuwa. Ta riƙe yara da yawa ba tare da duba ƙabila ko addininsu ba, macen da aka hana ta sake haihuwa ta zama uwar ɗimbin 'ya'ya. A 1998 ta sanar da barin siyasa, tana mai takaicin yadda kuɗi ya maye gurbin aƙida. Allah Ya yi mata rasuwa a watan Oktoban 2001 a Zariya, tana da shekara 68.

Abin da ƙasa ta yi mata

Ba a ce an manta da ita ɗungurungum ba. Babban asibitin gwamnatin Jihar Kaduna da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Amma idan aka gwada da takwarorinta, gibin a fili yake. An sa wa filin jirgin saman Kalaba sunan Margaret Ekpo tun 2001. Gidan su Ransome-Kuti a Abeokuta ya zama gidan tarihi. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, tana bayan takardar Naira 20. A ɓangaren maza kuwa, gidan Sardauna a Kaduna ya zama cibiyar bincike ta Arewa House, gidan Malam Aminu Kano ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Mambayya ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi kuma wurin ziyara ne da ɗakin adana kayansa.

Waɗannan misalai na ƙarshe sun warware wata matsala da kan taso duk lokacin da aka yi zancen karrama wani a Arewa. Jama'a da yawa ba sa na'am da kafa mutum-mutumi saboda dalilin addini, kuma ba lallai ne sai da shi ba. Arewa ta daɗe da gano tata hanyar: a adana gida, a tara takardu, a buɗe ɗakin karatu, a bar ƙofa a buɗe ga ɗalibai. Suna a jikin allon asibiti yana gaya wa mai wucewa cewa an taɓa yin wata Gambo Sawaba, amma ba ya gaya masa abin da ta yi. Wurin da aka ajiye hotunanta, da katin jam'iyyarta, da bayanan shari'o'in da aka yi mata, da muryoyin waɗanda suka zauna da ita, shi ne zai yi wannan aiki.

A nan ma Jos tana da abin koyarwa. Gidan tarihinta, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka sake gina kwafin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. A Jos ɗin ne kuma Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take da ma'ajiyar hotuna da sauti. Birnin da ya iya adana siffar masallacin Zariya, ya kuma fara adana labarin 'yar Zariya a littafi, yana da ƙwarewar da ake buƙata. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita doka ta ɗora wa alhakin tantance wuraren da suka cancanci zama kayan tarihi na ƙasa. Aikin yana buƙatar takardar da wani jami'i zai rubuta, wani ya sa hannu, a ware masa layi a kasafin kuɗi. Lokaci kuma ba ya jira, domin waɗanda suka yi zamanin NEPU da ita suna ta ƙarewa, kowanne ya tafi da abin da ya sani.

Aikin da bai ƙare ba

Akwai kuma karramawar da ta fi gini. Gambo ta nemi mace ta yi zaɓe, an samu. Amma a zaɓe ta, wannan har yanzu da sauran tafiya. Jihar Filato ta ɗan yi gaba, domin Pauline Tallen ta zama mataimakiyar gwamna a 2007, mace ta farko da aka zaɓa kan wannan kujera a Arewa, Josephine Piyo kuma ta hau ta a 2023. Sai dai har yau babu macen da aka zaɓa gwamna a Najeriya. A Majalisar Dattawan da aka rantsar a 2023, mata ba su kai biyar ba cikin kujeru 109. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki guda biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru na musamman, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Tazarar da ke tsakanin wannan ƙofa da ta ofishin Firimiya a Kaduna shekara 66 ce, amma buƙatar kusan ɗaya ce.

Duk ma'aikaciyar da ke zaune a ofis a Sakatariyar Tarayya da katin zaɓe a jakarta, idan 'yar Arewa ce, ta sani cewa katin nan ba kyauta ya zo ba. Wata marainiya da ba ta gama firamare ba ta ba da haƙoranta, da gashin kanta, da mahaifarta, da shekarun ƙuruciyarta kafin a same shi. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici. Tukuicin Gambo Sawaba yana nan bashi a wuyan ƙasar nan, kuma masu ikon biyansa suna cikin masu karanta wannan shafi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.